Sunan Umaru a Takardar Haraji

Shekara talatin Umaru yana noma a 'Yankuzo, amma gwamnati ba ta san da zamansa ba. A gandun yayansa Arzika yake, a gandu kuwa sunan babba kaɗai ake rubutawa a takardar haraji. Ƙanne nasu huɗa da noma, sai kuma yin shiru.

Da daminar 1998 'yarsa Juwairiyya ta samu gurbin karatu a Gusau. Tallafin karatu ba ya fitowa sai an cika fom an sa lambar takardar harajin uba. Ta kai takardar Arzika, akawu ya duba ya turo mata abarta: sunan uba a fom daban, na takarda daban. Ya ba ta zuwa Juma'a.

Arzika bai ga abin tashin hankali ba. Yana kishingiɗe a kan buzu ya ce, "Mi na na wahala? A goge Umaru a sa Arzika. Ba ni na ubanta ba?"

Maganar gaskiya haka kowa yake yi a garin, ba kuma wanda ya taɓa ciwon kai. Amma Umaru, mutumin da ko akuyarsa ba ya sayarwa sai ya tambayi yaya, wannan karon ya ƙi yarda.

"Yaya, gona taka ta, rumbu naka na, ban taɓa ja ba. Wagga ɗiya kau tawa ta."

"In ka rubuta sunanka daban, ka hita gandu ke nan. Ka kau san rabon mai hita."

Ya sani mana. Faƙon nan ne na bayan dutse, wanda ko gero sai an lallaɓa shi. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Duk da haka washegari ya hau babur ɗin haya zuwa Tsafe.

Malamin haraji ya dube shi sama da ƙasa. "Mutane na gudunmu, kai ka kawo kanka? To, Umarun gidan Arzika za a sa?"

"A'a. Umaru Abubakar za ka sa, shi ɗai."

Ran Juma'a da safe Juwairiyya ta shiga motar Gusau da takardar a cikin jakarta. Umaru bai jira motar ta tashi ba. Ya saɓa galma a kafaɗa, ya wuce gonar gandu ko waiwaye bai yi ba, ya nufi bayan dutse.