Addar Mai Fito

Dogo mai fito bai yarda akwai abin da ya fi ƙarfin addarsa ba. Tun da kainuwa ta mamaye tafkin, kifi ya yi wuya, agwagin ruwa suka yi ƙaura, kullum da sassafe yana goshin kwalekwale yana sara, yana tsine wa wanda ya shuka ta. Sai ya buɗe hanya, ya bar gutsattsarin suna yawo a ruwa, kafin kwana biyu ta sake rufewa ruf.

Fasinjoji suka zame ɗaya bayan ɗaya, saura ungozomar da ke aiki a asibitin tsallake. Ita ma ran Litinin, bayan sun shafe awa biyu a tsakiyar ganye, ta ce, "Dogo, haihuwa ba ta jiran kwalekwale. In mako mai zuwa haka ne, babur zan riƙa hawa in zagaya."

Maganar ta sosa masa rai ƙwarai. Ya koma gida ya zauna wasa adda, kamar ita ce ta yi laifin.

Matarsa, mai ɗan lambu a bayan gida, ta leƙo. "Baban yara, in ka sare kainuwar, ina kake zubawa?"

"Ina kuwa? Abin da ya mutu ai ya mutu."

"To."

Shekara ashirin ya san wannan "to" ɗin, bai taɓa ƙarewa da daɗi ba. Ta ɓamɓaro wani guntun kainuwa da ya maƙale a takalminsa, bai fi babban yatsa ba, ta jefa a bahon wanki, ta cika shi da ruwa. Ran Juma'a guntun ya fid da saiwa da ganye uku shar, har da ɗan ƙaramin reshe a gefe.

Dogo ya daɗe a tsugune gaban bahon, kunya ta rufe shi. Sannan ya ari manjagararta ba tare da ya haɗa ido da ita ba. Kwana biyu ya yi yana jan kainuwa zuwa tudu, yana baza ta a rana, bayansa kamar zai tsinke.

Ran Litinin suka tsallake cikin minti ashirin. Ungozoma tana sauka ta juyo. "Yau ban ji ka tsine wa wanda ya shuka ta ba."

"Na gano shi," in ji Dogo, yana ɗaure kwalekwale. "Mutumin kirki ne. Jin magana ne dai ba ya yi."