Rumbun Tanimu

A Babankatami mace ba ta leƙa rumbun mijinta. In maigida zai tahi cin rani, shi da kanshi yake auna wa iyali hatsin da zai kai su damina, ya liƙe bakin rumbu da laka, sai ya komo ya hwasa. In kuwa aka ga wani ya hwasa ba shi ba, to mai rumbu ya riga mu gidan gaskiya.

Haka Tanimu ya yi bayan kakar saba'in da takwas, ya bar matarshi Cima da ɗiya ukku, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Injamena ta ƙasar Cadi don sai da kilishi. Wata huɗu da tahiyarshi yaƙi ya tashi can, 'yan ƙasa guda suna harbin juna cikin gari. Abokan tahiya suka yi ta komowa ɗaya-ɗaya, wani ko takalmi babu. Wanda Cima ta tambaya sai ya ce rabonshi da Tanimu tun ranar da kasuwa ta watse.

Cima ba ta san inda Cadi take ba, amma ta zama ma'abociyar radiyon wan mijinta Manzo. Kullum da hantsi tana bakin danga, ita kaɗai. Ta ji an ce manya sun taru Kano suna kira a aje bindiga a zamna a yi magana. Ta yi murna har ta share ɗakin Tanimu. Bayan kwanaki ta ji an sake taro, an sake kira. Kai, mutanen nan akwai su da kira! Ita dai ba ta ji an ce hanya ta buɗe ba.

Ruwan shuka ya sauka, ga iri cikin rumbu. Manzo ya ce a kira liman a yi addu'a shi hwasa, ta ce sam, ba ta yarda a yi wa mai rai haka ba. Ta zaga neman aron iri, ba ta samu ko zangarniya ba, kowa ya zuba nashi ƙasa. Kwana biyu tana kallon gonar mutane na cika da sawu, tasu na bushewa. Kewa ta ishe ta, ga tsoron yunwar baɗi, kuma ba wanda za ta gaya wa.

Rana ta ukku, da mutane suka watse gona, ta jingina tsani ta hau da ƙaramar kwasar noma. A ranta aro ne za ta yi, in Tanimu ya komo ta ba shi haƙuri. Lakar ta yi tauri, ga shatar yatsunshi a jiki. Ta rintse ido ta doka.

Ashe Iya, tsohuwar maƙwabta, na tsakar gidanta. Ganin mace bisa rumbu, ba ta tambayi kowa ba, ta aza hannu a ka ta tsala kukan mutuwa. Kafin Cima ta sauko da damen irin, mata sun cika gidan, wasu har da tabarmi.

Iya ta kama hannunta ta ce, “Cima, sai haƙuri. Allah shi jiƙan Tanimu.”

Ta buɗe baki za ta ce musu ba labari ya zo ba, iri kawai ta ɗauko. Ta dubi matan, duk suna jiranta. Ta aje damen a ƙasa.

“Amin,” ta ce.