Zoɓon da Ba a Kushe Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Karantina ta Jidda kafin a rushe ta ya san zoɓon Zubaidatu. Ba iri ɗaya take jiƙawa ba. Na Sudan mai duhu shi ke ba da launi, na gida da alhazai ke kawo mata shi ke ba da tsami, sai ta matse rumman, ta jefa citta da kanumfari. A wurinta, wanda ya sha zoɓo a tsaye ɓarna kawai ya yi. Sai an kai lomar tuwo da miyar taushe, an tauna nama mai kitse, sannan a kurɓa. Idan ya wanke maiƙon baki, to ya yi.

Shekara ashirin maƙwabciyarta Shatu ce mai ɗanɗanawa, kuma ba ta taɓa yabawa ba. "Yaya Zubai, citta kyauta aka ba ki?" Daga nan sai cacar baki har tuwo ya huce. Da aka rushe unguwar, Shatu ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, aka mayar da ita Gusau. Zubaidatu ta koma ɗaki ɗaya a unguwar Mahjar, inda kowa ke rufe ƙofarsa. Sabo turken wawa: kewar tsiyar Shatu ta fi ta gidan ci mata rai.

Ran Juma'a 'yarta Sajida, wadda ke aure a Hindawiyya, ta ce za ta zo. Zubaidatu ta tuƙa tuwo, ta yi taushe da ƙashin rago. Da ta zo haɗa zoɓo sai ta ninka kanumfarin da gangan. So take a yamutsa fuska, a ce mata ta ɓata, a zauna a yi gardama.

Sajida ta shigo bayan la'asar, ko abaya ba ta cire ba.

"Zauna mana, ki fara kai loma," in ji uwar.

"Wallah Mama, maigidan yana mota, yana jira."

Ta ɗauki kofi a tsaye ta sha rabi. Zubaidatu ta ƙura wa fuskarta ido.

"Yaya kika ji shi?"

"Hilu marra, Mama. Daɗi sosai."

"Ba abin da ya yi yawa?"

"Abadan. Naki kullum daɗi. Yalla, zuba mana a kula mu ci a gida."

Ta zuba musu, har da ƙashin mai ɓargo, ta raka ta bakin ƙofa.

Ta dawo ta zauna gaban sauran tuwon, ta kai loma, ta kurɓa. Kanumfarin ya ɗaure mata harshe. Ba ta ga laifin yarinyar ba, ladabi ta koya mata, shi kuma ta yi. Abin da ya sosa mata zuciya shi ne, duk faɗin Jidda ba sauran wanda ya shaƙu da ita har zai iya kushe mata girki. Haka ta shanye kofin, ba ta ƙara ruwa ba.