Hannun Da Ba Na Kamfani Ba

Ka bi ta layin nan, kada ka ce ba ka bi ba. Kwana tara baƙin ruwa yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin direba a gidan Abu Turki da ke unguwar Al-Shifa a nan ƙasar Larabawa, ka ɗage gilashin mota, ka ƙara wuta. Ka kuwa san mai kwana a ciki, don sahu ɗaya kuke tsayawa ran Juma'a.

Maiwada ne, mutumin Funtuwa, shekara shida yana tuƙa iyalin gidan. A safiya ta goma yana tsugune bakin get, yana yayyafa wa sabon siminti ruwa don kada ya tsage, sai ga motar kamfani ta tsaya.

Tun bara hukumar gari ta haɗa hannu da kamfanin. In mai gida ya yi rajista, duk ranar da bututun ruwa ko na bahaya ya lalace tsakanin gida da titi, su za su zo su gyara. Abu Turki ya yi, aka manna masa wata shuɗiyar takarda a jikin get. Da bututun bahaya ya toshe, ƙazanta ta nemi gangare, gangaren kuwa ɗakin direba ne, wanda aka liƙa a jikin katanga, taki biyu ƙasa da sauran gidan. Mutanen sama ba su ji komai ba. Duk ruwan da suka kora, a ƙarƙashin gadon Maiwada yake tsayawa.

Ya faɗa wa maigida tun ranar farko.

"Na kira su, ya Muhammad," in ji Abu Turki, wanda kowane baƙo Muhammad ne a bakinsa. "Bukra, in sha Allah."

Goben ta ƙi zuwa. Maiwada ya ɗora katifa a kan bulo. Ya koma kwana a mota, har uwargida ta ce kujera tana wari. Tsakanin yatsun ƙafarsa ya tsattsage, yana alwala yana cije leɓe.

Ran Juma'a da hantsi Buraima ya biyo, abokinsa mutumin Maraɗi, lebura a wani gini. Ya leƙa ɗakin ya ja da baya yana tari.

"Yaya, mi kake jira? Wanga wari ai sai ya kashe mutum!"

"An ce kamfani za su zo."

"Ku 'yan Nijeriya da son takarda! A Funtuwa in kwata ta toshe, kamfani kuke jira?"

Maiwada ya yi dariya, karo na farko a mako. A Funtuwa in kwatar maƙwabci ta toshe, shebur kowa yake ɗaukowa. Ba a neman izini, mai gida ne ma yake fitowa da kunu yana sa albarka. Buraima ya je ya dawo da diga da guntun bututu. Suka fasa gindin katanga, suka tarar mahaɗar ta karye, saiwar bishiya ta cika ta. Kafin kiran sallah sun sauya ta sun rufe. Maiwada ya wanke ɗaki sau uku, ya tafi masallaci yana tunanin irin godiyar da maigida zai yi.

Yanzu ga injiniyan kamfani ya sauko, shi ma baƙo ne, ga hular kwano ga waya a hannu. Ya dubi ɗanyen simintin.

"Wa ya taɓa nan?"

Maiwada ya miƙe, ya dafa ƙirji. "Ni ne."

Injiniyan ya ɗauki hoton simintin, ya ɗauki na Maiwada a gefensa. Sannan ya ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun da ke ƙasan shuɗiyar takarda, ya fassara masa da Larabcin kasuwa: duk ranar da hannun da ba na kamfani ba ya taɓa bututu, yarjejeniya ta mutu.

"Amma ruwa yana wucewa!" in ji Maiwada. "Kasa kunne ka ji!"

"Na ji. Aikinka ya yi kyau, sadiƙ, abokina. Amma haramun ne a dokarmu." Ya rage murya. "Wace sana'a aka rubuta a igamarka?"

"Direba."

"To direba ba ya haƙa titi."

Abu Turki ya fito da makulli a hannu. Da ya gane an soke masa rajista, kuma za a kai rahoton haƙa ba da izini ba, sai fuskarsa ta sauya. Kwana tara bai taka ƙofar ɗakin nan ba, yau ya tako har bakinta.

"Wa ya sa ka?"

"Maigida, a cikin bahaya nake kwana."

"Na ce wa ya sa ka? Wa ya taya ka?"

Maiwada ya tuna Buraima, wanda takardunsa ba sa jure wa tambaya. "Ni kaɗai ne."

Igamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, saura kwana goma sha biyu ta ƙare, kuma ba mai sabunta ta sai Abu Turki. A kan sitiyarin nan 'yarsa Khadijatu ta kai shekara ta biyu a makarantar jinya. Jiya ma ta aiko masa da hotonta cikin farin kaya.

Bayan azahar maigida ya dawo da takardar Larabci mai shafi biyu da biro.

"Sa hannu kafin la'asar. Sannan mu yi maganar igama."

Maiwada ya zauna a kan bulon da ya ɗora katifa. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, don haka babu harafin da ya gagare shi. Ya karanta takardar daga sama har ƙasa, ya ba kowane wasali haƙƙinsa, bai fahimci komai ba sai sunansa da wata kalma guda da ya sha ji a bakin waɗanda aka raka filin jirgi: huruji, fita. Ko cewa take za a fitar da shi in ya ƙi sa hannu, ko in ya sa, bai sani ba.

Ya kira mutum uku 'yan gida da suka yi karatu a nan. Na farko bai ɗauka ba. Na biyu ya ce yana wurin aiki. Na uku ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya kawo mafita, Malam Maiwada. Ni dai ba na shiga tsakanin mutum da mai igamarsa."

Ya ajiye wayar. A sama wani ya kora ruwa. Maiwada ya ji shi yana gangarowa ta cikin bango, ya bi ta sabon bututu sumul, ya wuce titi. Ɗakin a bushe yake ƙarau. Ya cire murfin biron, ya mayar, ya sake cirewa.

Ba na ce zuwanka zai hana a kore shi ba. Mai yiwuwa an riga an gama. Amma ka iya Larabcin nan, ka san gidan, ka ga sunansa a wayarka ɗazu ka ƙi ɗauka. La'asar ba ta yi ba tukuna. Juya motar nan, ka je ka karanta masa abin da zai sa wa hannu.