Ɗakin Yara na Ranar Laraba

Ranar da Shiuli ta ga shatin ɗauri a ƙafar 'yarta Tuni, babu wanda bai ji muryarta ba a lungunsu na unguwar Mirpur. Injin wuta ne ya lalace a kamfanin ɗinkin da take aiki, aka sallame su da la'asar, ta faɗa ɗakin Jobeda Khala mai raino ba zato. Sai ga yarinyar mai wata goma sha huɗu ɗaure da yagen tsohon zani a ƙafar gado. Yara shida ne a ɗakin, uku a ɗaure, tsohuwar kuma tana bakin ƙofa tana gyaran kifi.

"Khala! Akuya na kawo miki? Wa yake ɗaure ɗan mutum haka?"

Jobeda Khala ko ɗagowa ba ta yi ba. "Hannu biyu Allah ya ba ni, 'yar nan. Ga murhu, ga kwata a bakin ƙofa. Ki zaɓa, shati a ƙafa ko a tsamo miki ita daga kwata."

Shiuli ta kwance 'yarta, ta tafi gida tana huci. Mijinta Hashmot, kwandastan bas, ya dubi ƙafar, sannan ya faɗi abin da ta daɗe tana tsoro.

"Maman Tuni, mahaifiyata Amma za ta zo ranar Juma'a. Ta tafi da yarinyar nan ƙauyenmu Bhola kawai. Kowa haka yake yi."

Kowa haka yake yi! Shiuli ta san abin da kowa ke yi ɗin. Ka miƙa ɗanka ƙauye, ka gan shi sau biyu a shekara, ƙaramar salla da babba, in ka miƙa hannu ya ruga ya ɓuya bayan kakarsa. Ta ce ya ba ta zuwa Juma'ar, za ta samo wuri.

Ai kuwa ta nema. Akwai wani gidan raino mai ƙofar gilashi a bakin titi, inda maigadi ya fara duban silifas ɗinta kafin ya dubi fuskarta, kuɗinsu kuwa ya fi albashinta gaba ɗaya. Wani suna rufewa ƙarfe biyar, ita kuwa in aiki ya yi yawa sai takwas. Na ukun, tana shiga ta ga yara tara suna barci da hantsi kamar an yi musu asiri, ga kwalbar maganin tari a kan taga. Ba ta ko zauna ba.

Saura wuri ɗaya, kuma kullum ta gabansa take wucewa. A hawa na biyu na kamfaninsu akwai wata ƙofa da aka zana wa agwagi masu ruwan ɗorawa, an rubuta ɗakin yaran ma'aikata. Wata bakwai Shiuli tana ɗinka wuyan riga a wurin, ba ta taɓa ganin ƙofar ba kwaɗo ba. Sau uku tana roƙon Dilruba Madam, mai kula da jin daɗin ma'aikata, sau uku ana ce mata ana gyara.

Ranar Litinin sai ga Madam da kanta a bakin keken ɗinkin Shiuli, har da murmushi.

"Ke ce mai 'yar nan? Ki kawo ta jibi Laraba. Ki yi mata wanka, a sa mata kaya masu kyau."

Shiuli ta kusa ɗinke yatsanta don murna. "Allah ya saka da alheri, Madam! An gama gyaran?"

"An gama. Abu ɗaya, akwai baƙi masu sayen kayanmu da za su zo dubawa. In sun tambaye ki, wata shida ke nan tana zuwa. Kin ji?"

Ta ji. Matan layinsu suka dubi juna, wata ta yi 'yar dariya ta ci gaba da ɗinki. Shiuli ta ɗauka baƙin ciki ne, don ba 'ya'yansu aka fara kira ba. Da sun buɗe baki sun gaya mata, amma wa zai yi magana Madam tana tsaye?

Talata da ta je ɗaukar Tuni, ta tsaya a ƙofar Jobeda Khala ta riƙe ƙugu.

"Daga gobe ki adana igiyarki, Khala. 'Yata ta samu ɗakin kamfani."

"Mai agwagin nan?" Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "To, Allah ya sa alheri. Ni dai akwai masu jira, kar ki ce ban faɗa ba."

"Ki ba su. Mu mun gode."

A gida ta ce wa Hashmot, "Baban Tuni, Amma ta zo ta ci kifi ta koma ita kaɗai." Shi ma sai da ya yi dariya, don ba son rabuwa da yarinyar yake ba.

Laraba ta yi wa Tuni wanka, ta sa mata rigar salla, ta ɗiga mata kwalli a gefen goshi saboda bakin mutane. Kwaɗo ya bar ƙofar. Ciki fes, ga ƙananan gadaje shida, ga fanka, ga tabarmar roba mai laushi, kayan wasa kuwa wasu ko ledarsu ba a cire ba. Mai rainon tana sanye da farar riga, kuma sai da Shiuli ta ƙura mata ido ta gane ta.

"Parul Apa? Ba ke ce a sashen yanke zare ba?"

"Yau ni nas ce," Parul ta ce, ba ta yarda sun haɗa ido ba. "Miƙo ta."

Da hantsi aka kira Shiuli daga kan keke. Baƙi biyu ne, wata doguwar baturiya da tafinta. Tuni tana zaune a tsakiyar tabarma ba ɗauri, ba kwata, tana cizon agwagwar roba tana ƙyalƙyala dariya. Shiuli ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Tafinta ya tambaye ta tun yaushe yarinyar ke zuwa.

"Wata shida," ta ce.

"Kina jin daɗin wurin?"

"Wallahi ina ji." Wannan kam ba ƙarya ta yi ba.

Baturiyar ta rubuta, ta yi murmushi, wani ya ɗauki hoto, aka raba biskit.

Alhamis Shiuli ta hau bene da Tuni a kafaɗa tun kafin jiniyar fara aiki. Ƙofar a buɗe take, amma 'yan dako ne ke shiga da kwalayen maɓallai suna jerawa a inda gadaje suke jiya. Gadajen an kife su a lungu, an zuba kayan wasan a buhu. Dilruba Madam tana tsaye da kwaɗo a hannu.

"Me ya kawo yarinya kamfani?" ta ce.

"Madam, ɗakin yara..."

"Baƙi sun tafi. Laraba na ce miki, na ce Alhamis?"

Shiuli ta ɗaga murya. "Kika sa na yi mata wanka, kika sa na yi ƙarya a gaban mutane, ashe aron 'yata kuka yi kamar kujerar biki? Na sallami mai rainon 'yata saboda ku! Ina zan kai ta yau?"

"Ki rage murya. Wa ya ce ki sallami wani?"

"Zan gaya wa baƙin gaskiya!"

Madam ta dube ta, ko a jikinta. "Sai baɗi za su dawo. Kuma me za ki ce? Da bakinki kika ce wata shida, kika ce kina jin daɗi, an rubuta da sunanki da lambar katin aikinki. Ki fitar da yarinyar nan kafin manaja ya hau, ko ki ajiye katin."

Kwaɗon ya ce ƙaras. Tuni ta miƙa hannu wajen agwagin da ke jikin ƙofa tana ƙananan kuka.

Haka Shiuli ta haɗiye girman kai ta koma lungu, ta tsaya a ƙofar Jobeda Khala. A ƙafar gadon, inda Tuni ke zama, wata yarinya ce ɗaure da yagen zanin nan. Tsohuwar ba ta yi mata dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo.

"Shida nake iyawa, 'yar nan. In na ƙara ta bakwai, wata rana gawa zan miƙa wa wata."

Juma'a da la'asar suna tashar jiragen ruwa ta Sadarghat, jiragen Bhola suna ta busa, mutane suna turereniya da buhuna. Surukarta Amma ta shimfiɗa tabarmarta a benen jirgi kusa da ƙarfen gefe, ta karɓi jikarta. Shiuli ta dubi ramukan da ke tsakanin ƙarafan, ta dubi baƙin ruwan da ke ƙasa, ta dubi Tuni da ba ta iya zama wuri ɗaya. Sai ta cire gyalenta, ta durƙusa, ta ɗaura bakinsa ɗaya a ƙafar Tuni daidai kan tsohon shatin, ɗayan a hannun surukarta.

"Amma, kar ki kwance sai kun sauka."

Ta sauko ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta sauka ba. Hashmot ne ya tsaya yana ɗaga hannu.

Bayan mako biyu aka kafa wani babban hoto a gindin benen kamfani, inda kowa ke buga kati. Tuni ce a ciki da rigar salla da ɗigon kwalli, tana dariya da agwagwa a baki, a ƙasa an rubuta cewa nan ana kula da 'ya'yan ma'aikata. Shiuli ta je ta ce a ba ta hoton ko a sauke shi. Dilruba Madam ta ce kayan kamfani ne.

Saura wata huɗu ƙaramar salla. Kullum da safe Shiuli takan tsaya ta goge ƙurar da ke fuskar 'yarta da gefen sabon gyalenta, har maigadi ya ce ta matsa tana tare layi.