Ƙasa a Kan Farantin Rafi'u

Rafi'u ma'aikacin sito ne a tashar jiragen ruwa, amma ranar Asabar bayan la'asar alƙalin wasa ne a wani fili a unguwar Safa, can ƙasar Larabawa. Besbol suke yi, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda. Yana tsayawa bayan wani farin faranti da aka kafa a ƙasa, da ƙarfen kare fuska, da ɗan buroshi a aljihu. In mai gudu ya taɓa farantin kafin ƙwallo, ya ci. In ta riga shi, ya fita.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, bawan Allah. In koci ya zo da ƙorafi, sai Rafi'u ya cire ƙarfen, ya bar shi ya gama, ya amsa sau ɗaya, ya share faranti.

Tsoho Abduljalil, kocin 'yan Aziziyya, shi kam kullum sai ya zo, yana surutu yana watsa wa farantin ƙasa da gefen takalminsa na hagu. Shekara tara Rafi'u na sauraronsa.

Rannan da zafi ya ishe shi, ya fitar da Nayef, ɗan wasan tsohon. Abduljalil ya taho, ya buɗe baki ke nan, Rafi'u ko ƙarfen bai cire ba ya ce, "Halas, ya isa haka, Ammi!" wato Baffa da Larabci. "Yalla, bar filin."

Tsohon ya fita shiru. Ran Talata aka yi jana'izarsa.

Asabar ta zagayo. Rafi'u ya share faranti, ya miƙe, sai ga ƙasa a kai. Ko iska babu. Ya sake sharewa, ta dawo, daga hagu.

Saif mai cafe ƙwallo ya ja da baya. "Wallahi ya akhi, ba ni ba ne."

A karo na huɗu 'yan wasa suka fara tattara sandunansu.

Sai Rafi'u ya cire ƙarfen, ya juya hagu inda babu kowa, ya sa hannu a baya. Ya daɗe tsaye, daidai tsawon surutun tsohon, har yana gyaɗa kai.

Can ya ce, "Na ji ka, Ammi. Ƙura ta shiga idona rannan, ban gani da kyau ba. Ka yafe mini."

Ya durƙusa ya share. Farantin ya zauna fari tas har magariba.

Amma fa har yau, ba mai yarda ya tsaya a hagun Rafi'u.