Zaren Mata da Jirgin Abdulƙadir

Ƙanena Abdulƙadir ya yi shekara ashirin da bakwai yana aikin sito a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan. Ya dawo mana ƙauye da ciwon baya, da akwati ɗaya, da wasu manyan takardu a nannaɗe cikin bututun roba. Ni Barakatu, yayarsa, na ɗauka takardun fili ne, har na fara gode wa Allah. Ashe zanen jirgi ne. Wani tsohon jirgin yaƙi na Turawa, irin na zamanin da babu inji sai iska, mai ginshiƙai uku da igwa saba'in da huɗu. Wai wani baƙo ma'aikacin jirgi ne ya bar masa. Shi Abdulƙadir kuwa mutum ne da ko kwalekwalen ƙetare kogi ya shiga sai ya runtse ido yana salati.

Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Hartum, don haka tukunyata ce ta ɗauke shi. Hawashar da mahaifinmu ya bar masa, wato gonarsa ta ban ruwa, ya ce bayansa ba zai iya ba, ya miƙa wa maƙwabci. Amma bayan nan da bai iya duƙawa a kan fartanya, shi ne ya yi shekara uku a duƙe ƙarƙashin rumfata yana fiƙe icen bagaruwa da 'yar wuƙa. Zai sassaƙa jirgin ne ƙarami, kamu ɗaya nasa a madadin kamu sittin na ainihin jirgin, ko ƙusa ɗaya ba zai tsallake ba. Katakon gefe ya yanka su sirara kamar tsinken tsintsiya, yana turara su a bakin tukunyar shayina har su tanƙwaru. Igwa saba'in da huɗu ya gurza su daga tsohuwar wayar tagulla, kowace da 'yar tagarta da murfi mai buɗewa. Mutanen gari suka sa masa Kaftin na Tudu. Ban hana su ba, don ni ma a zuciyata haka nake kiransa.

Sai ga labari daga birnin Sinnar, wannan kafin yaƙi ya ɓarke mana a Sudan ne. Wata makarantar koyon sana'a tana neman malamin sassaƙa, kuma za a yi baje kolin aikin hannu, wanda aikinsa ya fi kyau, shi za a ɗauka. Ran nan na fara kallon jirgin da idon rahama. Ba jirgin nake so ba. Ina so in ga ƙanena ya tashi da safe ya tafi wani wuri kamar sauran maza, ya ci gumin kansa, a daina yi mini dariya a bakin famfo.

Saura wata biyu, jikin jirgi ya kammala, ginshiƙai uku sun tsaya, kowanne bai fi kaurin ɗan yatsana ba a gindi, a sama kuwa kamar alƙalami. Abin da ya rage shi ne igiyoyi, kuma a zanen nan sun fi ɗari uku. Akwai masu riƙe ginshiƙi dama da hagu, akwai masu ja gaba, akwai sirara masu ɗaga ƙyallayen kama iska, suna bi ta cikin 'yan ƙwayoyin katako masu huda. Zaren kasuwa da ya gwada duk kauri ɗaya ne, ga gashi-gashi, kuma da ya kwana biyu sai ya saki.

Ni kuwa shekarata arba'in ina kaɗi. Mu da muka tashi cikin auduga, mazari ba baƙonmu ba ne. Na leƙa takardar na ce masa, "Abdulƙadir, wanga abu kauri ukku na. Abawa mai kauri, da tsakatsaki, da arafiya siririya. In murza maka su, in bi su da kakin zuma, ba su saki ba su tsuke."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Yaya, wanga jirgin yaƙi na fa, ba zanen goyo ba. Zaren mata ba shi riƙe ginshiƙi."

Na ce, "Kwayyis," wato ya yi kyau. Na shiga ɗaki na bar shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Shekara uku ina dafa masa da hannun nan.

Wanda ya ga dama ya saurara shi ne Usta Salih, mai ɗaurin angarib, gadon icen nan da muke kwana a kai. Salih ya gaji sana'ar, kuma gaskiya gadon da ya ɗaure da ƙiri sai jika ya gaje shi. Sai dai tun da gadon ƙarfe da igiyar roba suka cika kasuwa ba mai nemansa, ya koma yawon ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Ya zo ya zagaya jirgin sau biyu, hannu a baya, kamar mai taya saniya.

Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, igiyar da ba ta saki guda ɗai ta duk duniya: ɗanyar hwata. Ka jiƙa ta, ka ɗaure da lema, ta bushe ta tsuke da kanta. Haka kakanninmu sunka yi tun daga Sakkwato har nan. Ka taɓa ganin angarib nau ya saki?"

Abdulƙadir ya ce bai taɓa gani ba. Da gaske kuma bai taɓa gani ba, babu wanda ya taɓa gani. Abin da su biyun ba su tsaya suka tambaya ba shi ne, ƙafar angarib kaurinta nawa, ginshiƙin jirgi kuma kaurinsa nawa.

Suka samo fatar ɗan akuya wadda ba a jeme ba, Salih ya zauna da reza yana fitar da ita siriri, har na yi mamakin hannun tsohon. Suka zuba a ƙwaryata da ruwa, gidana ya ɗauki wari. Salih ya kafa doka cewa kada igiya ɗaya ta riga wata bushewa, in ba haka ba ɗauri zai karkace, kamar yadda yake a gado. Saboda haka kullum in sun tashi aiki sai su lulluɓe jirgin da jiƙaƙƙen mayafi, su ajiye shi kusa da randa inda ke da sanyi. Sati uku suna wannan. Mayafin ma nawa ne.

Ranar tafiya da safe suka yaye mayafin, kuma sai in faɗi gaskiya: jirgin ya yi kyau ƙwarai. Igiyoyi sun hau sun sauka, ƙyallaye farare a naɗe, 'yar tuta a can sama. Mutanen da suka sa masa Kaftin na Tudu suka cika ƙofar gida suna "Masha Allah", ba kunya ba komai. Salih ya ce yanzu lokacin bushewa ya yi, ranar hanya za ta gama aikin, a isa Sinnar igiyoyi na ƙara kamar tsirkiya.

Muka hau bayan boksin Musbahu, motar da ke kai mu kasuwa. Abdulƙadir ya ɗora jirgin a cinya, ni a gefensa, Salih a gabanmu da sabuwar jallabiya, shi ma wai zai je karɓar gaisuwa. Rana ta buɗe, iska mai zafi tana dukanmu. Mun wuce babbar magudanar ruwa ke nan na ji wani ɗan sauti, ƙyas. Na duba. Kan ginshiƙin gaba ya sunkuyo.

Na ce, "Abdulƙadir, hwatar ga tana ja."

Salih ya ce, "Aikinta ke nan, Hajiya. Bari ta ja."

Ta kuwa ja. Ƙanena ya fara lalubar ƙulli da farce, amma ƙullin ɗanyar fata in ya bushe ko haƙori ba ya kwance shi. Ya yi ihu a tsaya, Musbahu bai ji ba saboda rediyo. Ya nemi ruwa, gorar tana gaba wajen direba. Ginshiƙin tsakiya ya tanƙware a hankali muna kallo, sannan ya karye daga rabi, ya jawo na baya. Dogon sandan goshin jirgin ya ɗago ya tsage katakon da ke riƙe da shi. Kafin Musbahu ya taka birki, aikin shekara uku ya zama tarkace, sanduna a karye suna lilo cikin igiyoyi, ƙyalle ɗaya ya rufe igwa.

Salih ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Icen ne ba shi da ƙarhi. Hwatata dai ba ta tsinke ba."

Na so in jefa shi daga motar. Abdulƙadir ya shiga tattara karyayyun sandunan. Na ce mu juya gida. Musbahu ya ce yana da fasinja, sai dai in ya sauke su a Sinnar. Haka muka isa, kuma tun da mun isa, Salih ya ɗauki jirgin da kansa ya shige zauren baje kolin, mu muka bi shi don kada ya ƙarasa fasa shi.

Zauren cike da kujeru da akwatuna da ƙofofi masu ado. Shugaban makarantar, wani Ustaz Nasir mai tumbi da tabarau, yana zagayawa da mutane uku a bayansa suna gyaɗa kai duk abin da ya faɗa. Ya iso kan jirginmu ya tsaya cak. Ya cire tabarau, ya mayar. Na sunkuyar da kai ina jiran dariya.

Sai na ji ya ce da Larabci, "Ya salam! Ku dubi basira. Kowa na iya sassaƙa jirgi lafiyayye. Wannan ya sassaƙa jirgi bayan an gama yaƙi. Ku dubi yadda igwar abokan gaba ta karya ginshiƙin nan, ku dubi igiyoyi a hargitse. Sai ka ce mutum yana wurin!"

Mutanen ukun suka gyaɗa kai. Ɗaya har ya ce yana jin warin gumurzu, alhali warin fatar akuya ne. Ustaz Nasir ɗin nan fa shi ne mutumin da aka ba amanar zaɓen malamin sassaƙa, bai san karayar ganganci da ta haɗari ba. Salih ya gyara rawani ya matso, yana cewa shi ya ba da shawarar igiyar.

Ustaz Nasir ya tambayi wane ne mai aikin, ya kama hannun ƙanena, ya ce ya zo ranar Lahadi ya fara. Na matse gefen mayafina. A zuciyata ina cewa, yi shiru, Abdulƙadir, don girman Allah yi shiru, ka ce na gode kawai. Kuma na tabbata zai yi shirun, don a ganina shekara ukun nan ba abin da yake nema sai a yabe shi.

Abdulƙadir ya zare hannunsa a hankali. Ya ce, "Ustaz, ba yaƙi ya karya shi ba. Ni na karya shi. Na ɗaure shi da abin da bai kamata ba, ya bushe a hanya ya ja. In na koya wa ɗalibanka wannan, ƙarya zan koya musu."

Fuskar Ustaz Nasir ta canza, don an nuna masa jahilcinsa a gaban masu gyaɗa masa kai, kuma irinsu ba sa yafe wannan. Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya wuce. Wani da ya kawo ƙofa mai fentin zinariya aka ɗauka. Salih kuwa tuni ya koma can wajen kujeru, kamar bai taɓa ganinmu ba.

Muka biyo Musbahu muka dawo gida. Da muka sauka na buɗe baki, na faɗa masa abin da ke cikina a tsakar gida, maƙwabta na ji. Na ce aiki ya zo har hannunsa ya ture, don wani jirgin da ko a kwano ba zai yi iyo ba. Na ce in gaskiya ake ci, to daga yau ya ci ta. Ya tsaya ya saurara har na gaji, sannan ya ce, "Kin yi gaskiya, Yaya." Wannan ya fi ba ni haushi.

Kwana huɗu yana ƙarƙashin rumfa da reza, yana yanke fatar ƙulli bayan ƙulli, yana fiƙe sababbin ginshiƙai. Babu baje koli a gaba, babu mai zuwa kallo, yara ma sun daina leƙe. Ina kallonsa ta taga ina tsaki. Amma na lura ya fi natsuwa da aikin yanzu da ba mai yabo, kuma wannan ya dame ni, don ya nuna shekara uku ina yi masa mummunar fahimta.

A rana ta biyar da hantsi ya zo ƙofar ɗakina ya yi sallama, ya tsuguna da bayan nan nasa mai ciwo. Ya ce, "Yaya, zaren da kinka ce. Kwana nawa shika ɗauka?"

Na tashi na jawo taskira daga ƙarƙashin gado, na dire a gabansa. Ƙulli uku ne a ciki, abawa da tsakatsaki da arafiya, an murza, an bi da kaki, suna sheƙi. Ya ɗauki arafiyar ya ja tsakanin yatsunsa, ya sake ja da ƙarfi, ba ta saki ba.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun randa kac ce zaren mata na. Yana nan ƙarƙashin gado sadda kuke jiƙa hwata cikin ƙwaryata."

Ya dube ni, ni ma na dube shi, kuma mu biyun mun san da na fito da shi a lokacin, da yanzu yana Sinnar. Na ce ya ɗauke taskirar ya ba ni wuri, tuwo zan ɗora.